Shekarar da Na Nemi Jami'ar Ingila

Ina ajin ƙarshe a sakandare malamar Turancinmu ta tare ni a bakin ofishin malamai, ta ce in nemi wata jami'a a Ingila, irin wadda jama'a ke tururuwar nema a tsinci 'yan kaɗan. Ta ce akwai tallafin karatu ga wanda aka ɗauka. 'Yar Filato ce, doguwa, kullum tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana.

"Kanki yana aiki," in ji ta, "amma kina da lalaci. Wannan makaranta zai gyara ki."

Ban sani ba ko yabo ne ko faɗa, amma na ce to.

A Masaka muke zaune, makarantar kuwa tana Karu. Baba direba ne a wata ma'aikata a cikin gari, da an idar da sallar asuba yake fita don ya riga gosulo, wato cunkoson motoci, saboda haka sai ranar Asabar na same shi. Yana tsugune a tsakar gida yana wanke babur ɗinsa na faɗa masa.

"Me za ki karanta?"

"Adabin Turanci."

Ya ɗago da soso a hannu. "Turanci? Ba kin iya Turanci ba?"

"Ba koyon magana ba ne, Baba. Littattafai ne, labarai da waƙoƙi, a karanta a yi nazarinsu."

"Wato a tashi tun daga nan har Ingila a je a karanta tatsuniya."

Wannan tambayar ta bi ni shekara guda cur. Mai shagon layinmu ya yi min ita, mai kitso ta yi min ita kaina na kan cinyarta, har wata maƙwabciyarmu da ke aikin asibiti, wadda na zaci za ta gane, cewa ta yi in ma Turancin nake so ai akwai lauya. Da farko ina tsayawa in yi bayani. Daga baya da an tambaya sai in ce, "E, ban gama iyawa ba," in wuce abina.

Baba dai bai hana ba. Ya ɗauraye hannunsa ya ce Allah ya sa albarka, amma da sharaɗi: duk takardar da za a tura sai Kawu ya gani. Kawu yayan Baba ne, tsohon akawu da ya yi ritaya. Shi ke rubuta wa dangi duk wata takardar neman aiki ko ta koke, kuma a gidanmu in ya yi magana a kan Turanci an rufe babin.

Babban abin da jami'ar ke so shi ne wasiƙa, shafi ɗaya, mutum ya faɗi dalilin da ya sa yake son karatun da abin da ya karanta da kansa. Na zauna na rubuta cikin yini guda, na kai wa Malama ina jin kaina. Layin farko cewa na yi tun ina 'yar ƙarama nake ƙaunar littattafai. Ta sa tabarau, ta karanta wannan layin kaɗai, ta ja masa jan biro.

"Ƙarya."

"Malama, ba ki ma karanta sauran ba."

"Na koyar da ke a aji ɗaya. Littafi a hannunki kamar an ba ki magani. Yaushe kika fara karatu? Faɗi gaskiya."

Gaskiyar ba ta da kyan faɗa, shi ya sa na ɓoye ta. Gosulo ne ya koya min karatu. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba tsakanin Masaka da Karu sai ta ci awa biyu, ga zafi, ga kwandasta na ta faɗa da fasinja, ga wayata babu caji. A bakin tashar Masaka akwai wani dattijo, mutumin Katsina, da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu tare da kalanda da hotunan 'yan ƙwallo. Shi bai iya karanta ko ɗaya ba, da kauri yake yi musu kuɗi. Na farko da na saya a wurinsa don in riƙa fifita ne. Da zaman ya ishe ni na buɗe, ban ankara ba motar ta wuce mahaɗar makarantarmu. Da na kai ƙarshe kuma na tarar an yage shafukan baya, na koma na yi masa ƙorafi, ya ce ai shi ya sa ya yi min ragi. Haushi ya sa na sayi littafin rubutu na ƙarasa labarin da kaina.

"To me ya hana ki rubuta wannan?" in ji Malama.

"Turawa zan ba labarin gosulo?"

"Su suna da ɗakin karatu. Gosulo ne ba su da shi."

Na sake rubutawa. Ta dawo min da ita ja-jawur. Na sake, ta ce na cika surutu. Na rage, ta ce yanzu kuma ba kowa a ciki. Wata rana a kan kalma ɗaya ta riƙe ni har aka tashi daga makaranta, wai na ce wani labari ya taɓa min zuciya, sai na nuna mata daidai wurin da ya taɓa da yadda marubucin ya yi ya taɓa ɗin. Na fita daga ofishin nan ina rantsuwa a raina ba zan ƙara komawa ba. Washegari na koma. A karo na tara ne ta karanta har ƙasa ba ta cire murfin biro ba, ta ce, "Ba laifi." Ban taɓa jin ta faɗi abin da ya fi haka ba.

Sai aka zo kan Kawu. Ya karɓi takardar ranar Juma'a bayan masallaci, ya ce a ba shi mako guda. Da ya dawo da ita ban gane ta ba. Shafi uku ta koma. Babu gosulo, babu mai littattafai. Ya buɗe da gaisuwar ban girma ga shugabannin jami'ar, ya ce ni 'yar gidan mutunci ce mai biyayya ga iyaye, ya yi alkawari a madadina cewa in na dawo zan bauta wa ƙasata. Akwai kalmomin da sai da na duba ƙamus, ɗaya ma ƙamus ɗin bai san ta ba.

"Wannan ita ce takarda," in ji Kawu, yana buga ta da bayan hannu. "Waccan da kika yi, kamar kina hira da ƙawarki. Bature ba a yi masa haka. Har da cewa kin sayi littafi don fifita! So kike su ce ba mu da fanka?"

Baba ya gyaɗa kai. Ni kuwa na kai wa Malama, ta karanta ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido, ta ce in aka tura wannan kada a sa sunanta a ko'ina. Na koma gida na faɗa wa Baba, ya ce shi ba zai kunyata yayansa saboda wata malama ba. Kwana biyar ina tsakaninsu, ranar rufe karɓar takardu na matsowa, ba wanda ya tambaye ni wacce nake so. Abinci ma a tsaye nake ci don haushi.

Umma ce ta raba gardamar. Ita ba ta yi boko mai nisa ba, ɗinki take yi a gida. Ran nan da la'asar tana kan keken ɗinki, Baba na zaune yana jin rediyo, ta ce in ɗauko takardun biyu in fassara mata da Hausa. Na fara da ta Kawu. Ina cikin shafi na biyu ta tsayar da keken.

"Wannan wa ke neman kujerar kansila?"

Baba ya yi kamar bai ji ba. Na karanta tawa. Da na zo wurin da dattijon ya ce ai shi ya sa ya yi min ragi, ta tuntsire da dariya.

"Wannan ke ce, har bakin naki. Malam, in mutanen nan suka ɗauki ta Yaya, Yaya za su sa ran gani, sai ga wannan ta sauka. A tura tata."

"To wa zai faɗa masa?" in ji Baba.

"Yayanka ne."

Ban san abin da Baba ya gaya masa ba. Na dai san Kawu ya yi wata biyu in na gaishe shi da Hausa sai ya amsa da Turanci, a taƙaice.

Bayan wasu makonni saƙo ya zo cewa za su yi min tambayoyi ta bidiyo. Murnata ba ta kwana biyu ba, don Malama ta ce duk Asabar in zo gidanta a Karu. Za ta miƙo min waƙar da ban taɓa gani ba, ta ba ni minti biyar, ita tana gefe tana yankan kuɓewa.

"Me kika gani?"

"Waƙar tana da daɗi."

"Shinkafa ma yana da daɗi. Me kika gani?"

Haka muka yi ta yi. In na yi shiru ta ce na mutu ne, in na yi sauri ta ce wa ke kora ta.

A gidanmu ba za a iya ganawar ba. Sabis ɗin waya sai an fita bakin ƙofa, ga injin markaɗen maƙwabta da ba ya hutu. Baba ya roƙi ogansa aron ofis na awa ɗaya, ogan ya amince da farin ciki. Ranar muka fita da asuba a kan babur, duk da haka gosulon Mararaba ya riƙe mu, na isa mayafina na warin hayaƙi. Na zaci ogan zai ba mu wuri ya fita. Ina! Ya ja kujera gefen taga ya ce shi ba zai ce uffan ba, yana so ne kawai ya ga yadda ake yi.

Mutum biyu suka bayyana a allon kwamfuta, wani tsoho mai furfura da wata mata matashiya. Kafin in gama gaisuwa ogan ya leƙo da kansa ta kafaɗata ya gaishe su, ya sanar da su ni kamar 'ya nake a wurinsa. Suka yi murmushi, matar ta roƙe shi da ladabi ya ba mu wuri. Ya koma kujerarsa, wai ai nan ba a ganinsa.

Mun yi maganar wasiƙata, tsohon ya tambayi yadda na ƙarasa labarin nan, na ji bakina ya saki. Sai suka sa waƙa a allo. A farkon layi akwai wata kalma da babban baƙi, ban taɓa ganinta ba, na ɗauka sunan mace ne. Na gyara zama na shiga bayani: mawaƙin yana makokin wata mata ce da ta zo masa a ƙarshen sanyi, ba ta daɗe ba ta rasu. Na kawo hujja daga layi na uku, na kawo daga na bakwai. Sun bar ni na yi nisa sosai kafin matar ta ce, a hankali, ai sunan fure ne, wani ɗan fure da ke fitowa a ƙasarsu in sanyi ya fara ja da baya.

Kunya ta fara zuwa, haushi ya biyo ta ya ture ta. Wata tara ina fama, sai fure ya kayar da ni! Na ji bakina ya ce, "To, mu babu shi a Masaka."

Tsohon ya yi dariya ya ce gaskiya ne, yanzu da na sani, me ya canza a karatuna? Amsar tana nan kusa: kusan babu abin da ya canza, abu ne dai da ke zuwa da wuri ya tafi da wuri, kuma mawaƙin da kansa ya yi wa furen magana kamar mutum. Na faɗi rabin haka, a gaggauce, fuska a ɗaure. Rabin da ya fi kyau sai a kan babur ya zo min, muna daidai Nyanya. Ogan kuwa da aka gama ya tafa min, ya ce shi bai ga inda na yi kuskure ba.

Amsarsu ta zo da rana tsaka, ina taya Umma sa maɓalli a rigar wata. Layi huɗu ce. Baba da ya dawo ya sa na fassara masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mutanen nan sun iya korar mutum cikin mutunci." Ya fita ya dawo da tsire a takarda, ya ajiye a gabana.

Malama kuwa tambaya ɗaya ta yi min. "Kin yi fushi a gabansu?"

"Kaɗan."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Da ni ce, ni ma da na yi," ta ce.

Adabin Turancin dai shi na karanta, a wata jami'a a nan Arewa, kuma ban yi nadama ba. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, tun ranar da aka ce za a yi min tambayoyi Umma ta gama sanar da duk matan da ke kawo mata ɗinki cewa 'yarta ta kusa tafiya. Ba wanda ya koma ya gyara labarin. Har yau in na je gida na bi ta gaban mai awarar bakin layinmu, sai ta ɗaga murya ta ce, "'Yar Landan, yaushe a gari?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, sai in ce mata jiya.