Ranar da Magagi Bai Ji Kukan Reshe Ba

Duk wanda ya taɓa kiwon akuya a Filinge ya san Magagi mai sarar gawo. Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, gawo ne kaɗai ke tsaye da ɗanyen ganye, shi da ke zubar da nasa da damina. A lokacin ne ake neman Magagi. Zai tuɓe takalma, ya soke gatari a ɗamara, ya rungumi bishiyar nan mai ƙaya ya haye, ya sassaro rassa dabbobi su samu abin sawa a baka. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, daga Filinge har ƙauyukan Tondikandiya, kuma bai taɓa faɗowa ba.

Mutane na cewa ƙarfi ne. Wane irin ƙarfi, mutum siriri kamar sillen kara? Kunne ne. Reshe ba ya karyewa sai ya fara ɗan kuka daga ciki, kuma daga kukan nan Magagi ke gane ko zai ɓalle salin-alin ko zai tsage ya dawo ta inda mutum yake. Sara uku, ya tsaya ya saurara. Hannu ɗaya na gatari, ɗaya na riƙe bishiya. Haka mahaifinsa ya koya masa, bai ƙara kome a kai ba.

Sai kafaɗar dama ta gaji. Ta fara da ɗan tsami da safe, ta kai ga ba ya iya sa riga sai matarsa Haske ta taimaka masa. Majo, ma'aikacin jinya a asibiti, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce ya bar gatari in yana son hannunsa. Faɗi da baki ba wuya. Hatsin gonar Magagi ba ya wuce wata huɗu a rumbu, sauran shekarar gawo ke ci da gidan. In ya daina hawa, ba abinci kaɗai zai rasa ba, zai zama tsoho mai zaman bakin masallaci, abin da ya fi tsoro ke nan.

Ana haka Abdurrazak, ɗan ƙanwarsa, ya dawo daga cirani a Kwatano, inda ya shekara shida yana aske bishiyoyi a gidajen manya. Ya zo da zarton inji guda biyu, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya jera su.

"Kawu, wanga babban, mariƙinai na baya. Na ƙasa ne, na yanka gungume, sai da hannu biyu da tsayuwa mai kyau. Wanga ƙaramin kuwa, duba, mariƙin bisa yake. Don hawa anka yi shi."

Magagi ya fara ɗaga babban. Nauyinsa kamar jarkar ruwa, da aka tayar da shi kuwa girgizar ta bi hannu ta soki kafaɗar, sai da ya ciji leɓe. Ya aje. Ƙaramin bai fi kamu biyu ba, har da zoben rataya igiya. Ya ɗora shi kan wani icen dogonyaro da ke yashe a bakin danga, ya ratsa shi kamar wuƙa a kabewa. Magagi ya tsaya yana kallon garin itacen a kan ƙafarsa. Ya yi murna, irin murnar da ya daɗe bai yi ba, don ya ga shekara biyar ko shida sun dawo masa.

"Amma Kawu, ko ƙaramin da hannu biyu aka riƙe shi. Sai ka ɗaure ƙugunka ga icce da wagga igiya, ka sa wanga abin toshewa ga kunne."

"Igiya ta akuya ce," in ji Magagi. "Kuma wa ka hawan icce da kunne toshe?"

Haske, da ke tankaɗe a gefe, ta ce, "Malam, in kiɗi ya canza, rawa ma canzawa takai."

Sabo turken wawa, kuma Magagi ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi.

Bayan kwana uku Isufu, wani mai awaki, ya kira shi gonarsa a hanyar Damana. Gawo ne tsoho, mutum biyu ba su rungume shi. Magagi ya hau da ƙaramin zarton rataye a ƙugu, Abdurrazak da Isufu na ƙasa. Ya yanke ƙananan rassa biyu da hannu ɗaya, ko zufa bai yi ba. Sannan ya matsa ga babban reshen da ya miƙe gabas.

Gatari na da sara uku, zarto ba shi da su. Kafin ya ankara ya ci fiye da rabin reshen. Ya saki maɓallin don ya saurara yadda ya saba, amma injin na ta tut-tut a hannunsa, kunnensa kuma na ƙara kamar an sa masa gyare a ciki. Bai ji kome ba. Sai ya ɗauka reshen bai fara kuka ba tukuna, ya sake dannawa. Ashe ya yi kukan ya gama. Na ƙasa sun ga tsagar tana gudu, suna ta ɗaga hannu suna kira, shi kuwa bai san suna yi ba. Reshen ya tsage a tsaye, gindinsa ya dawo ya doke shi a ƙirji. Zarton ya suɓuce yana lilo a igiyarsa, Magagi ya rage a rataye da hannun hagu kaɗai.

Bai faɗo ba, wannan kam a ba shi. Amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa, numfashi ya ƙi shiga. Abdurrazak ne ya hau, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, suka zuro shi ƙasa a hankali kamar guga, awakin Isufu na kallo. Haƙarƙari biyu suka tsage. Kunyar ta fi su ciwo.

Haƙarƙarin sun warke kafin shuka. Kafaɗar ba ta dawo ba, ƙarar kunnen ma ba ta tafi duka ba. Ya gwada gatari sau ɗaya a bayan gida, inda ba mai ganinsa, ya kasa kai shi ko daidai kai. Ya jingine shi a bayan rumbu bai gaya wa kowa ba.

Da rani ya zagayo, masu awaki suka riƙa sallama a ƙofar gidan suna tambayar Abdurrazak. Shi kuwa, don kara, ba ya fita sai da kawunsa. Yana hawa da igiya da ɗamara da abin toshe kunne, Magagi na ƙasa da sanda yana kore awaki kada reshe ya faɗo musu. Wata rana a wani gawo kusa da gari, Abdurrazak ya yanka rabin wani reshe, ya zare abin kunnen ya leƙo.

"Kawu, wane gehe za shi?"

Magagi ya ɗaga kai, ya karkata kunne, ya daɗe a haka. Injin na ta tut-tut can sama.

"Ban sani ba, ɗana," ya ce. "Kai ab bisa. Duba da idonka."

Ya juya ya daka wa wata akuya tsawa, ta ja baya.