Kawu Buroshi da Dogon Sunan Soso

Kawuna mai rubuta allunan shaguna ne, shi ya sa kowa ke kiransa Buroshi, har matarsa Inna. Da girma ya kama shi, hawa tsani ya gagara, sai wata malamar ilimin tsirrai ta ɗauke shi aiki a lambun kwalejinsu. Kowace shuka za a kafa mata ɗan allo da sunanta na kimiyya. Aikin zaune ne a inuwa, Kawu ya ji daɗi.

Allon farko na wata shuka ce da ta naɗe shingen waya, mai faffaɗan ganye da rawayen fure. Malama ta ba shi sunan: Luffa aegyptiaca. Kawu ya ɗaga ganye, ya ga dogayen 'ya'ya suna reto.

"Malama, ai wannan soso ne. Na wanka."

"Shi ne, Baba."

"Shi ke da wannan uban suna?"

Ya zauna ya zuba masa manyan haruffa har da ado, irin na shagon aski. Malama ta gani ta yi ta dariya, sannan ta zauna kusa da shi. Ta ce kalmar farko sunan dangi ce, ita kaɗai ke farawa da babban baƙi. Ta biyu tasa ce shi kaɗai, tana nufin na Masar. Kuma a karkace ake rubuta su. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana miƙar da haruffa, yau an ce ya kwantar da su da gangan. Sai da ya goge ya sake, yana gunaguni.

Daga nan soso ya shiga ransa. Malama ta nuna masa furen namiji a gungu, na mace shi kaɗai da ɗan ƙwarya-ƙwaryan ɗa a gindinsa, da siraran zaren da shukar ke laluben abin kamawa da su. Ta ce wasu littattafan ma Luffa cylindrica suke kiransa.

"Har da inkiya," in ji Kawu.

Ya kawo iri gida ya shuka a gindin katanga. Kullum da safe yana tsaye a kansa yana yi wa Inna bayani, ita kuwa tana shara tana cewa, "To, Malam Buroshi."

Soso ya hau katanga ya tsallaka gidan tela maƙwabcinmu, ya zuba 'ya'yansa kaf a can. Mu sai ganye.

Da suka bushe, sai ga tela da sallama, ɗauke da kwando cike da soso ɓararre.

"Allah Ya ba mu da yawa bana, na ce bari in sam muku."

Inna ta karɓa hannu biyu, ta yi ta godiya. Kawu ya buɗe baki, ta taka masa ƙafa. Sai da ya raka tela har ƙofa, ya ce a gaida gida.