Rayuwar Sauro da Zauren da Ya Ɗauki Sunanta

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiyar da jama'a suka sani da Sauro a shekarar 1941, a garin nan namu, cikin gidan haya da ke bayan ma'aikatar ruwa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuma unguwarzoma, wadda babu sirrin gidan da bai bi ta kunnenta ba, kuma masu bin diddigi sun ce a nan yarinyar ta yi gado. A 1948 aka sa ta makaranta, inda ta yi fice a rubutu, ta kuma sha bulala saboda yawan tambaya.

Aiki

A shekarar 1960 ta kama aiki a wata ƙaramar jarida. A wancan zamani babban ofishin gwamnati ƙofa biyu gare shi: ta gaba ta manya, ta baya kusa da bola ta leburori da mata, waɗanda ba su da izinin zama a zauren sauraren koke, sai dai tsayuwa a bakin taga. Kowane mako sai ta yi rubutu a kan wannan wulaƙanci, har ranar da ta jagoranci matan kasuwa suka afka ta ƙofar gaba suka cika kujeru, wasu da goyo a baya. An tsare ta, shugaban ofishin kuma ya shaida wa manema labarai cewa sauro ce kawai, ƙara ba ƙarfi. Tana fitowa ta mayar da kalmar sa hannunta, ba ta sake rubutu da wani suna ba. A 1969 aka toshe ƙofar baya, shi kuwa shugaba ya yi ritaya da hawan jini, Allah Ya jiƙansa.

Aure da 'ya'ya

A 1963 ta auri mai gyaran injin buga jaridar, mutum mai haƙuri wanda maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ba, don ba a bar masa fili ba. Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Autansu ne ya fi shan wahalar sunan, domin tun daga firamare yara ke bin sa suna yi masa kukan sauro a kunne, har ya girma ba ya son jin kalmar. Ikon Allah, shi ne ya zama darakta a wannan ofishi da aka tsare uwarsa a kansa.

Shekarun ƙarshe

A 2016 gwamnati ta yanke shawarar raɗa wa zauren sauraren koken nan sunanta, unguwa ta ɗauki murna, har waɗanda suka tsere ranar da aka kama ta suka fara cewa suna sahun gaba. Aka sa auta cikin kwamiti. Ya kawo mata zanen allon: sunanta na yanka, da Hajiya a gaba, da sunan uba da na miji a baya.

"Wace ce wannan?" in ji ta.

"Ke ce mana, Inna."

"Wannan baiwar Allah, ban da haihuwarka me ta yi wa jama'a? Ita aka kulle?"

"Inna, gwamnati ce fa. Yaya za a ce minista yana Zauren Sauro?"

"Ya taho da gidan sauronsa."

Ta rantse ba za ta taka wurin ba in aka sa wancan suna, ta kuma tuna masa har yanzu tana da biro. Wata da watanni uwa da ɗa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ranar buɗewa, cikin 2017, an turo ta a keken marasa lafiya, ta sa aka tsaya a bakin ƙofa, ta ce sai ta gani da idonta. Auta ne da kansa ya ja ƙyallen da ya rufe allon, gumi na zubo masa. Jama'a, ZAUREN SAURO, da manyan baƙaƙe! Ashe shi ya je wurin mai fenti ya canza, bai gaya wa ko matarsa ba, abin da har gobe take mita a kai. Wuri ya kaure da ihu da tafi. Tsohuwa ta karɓi lasifika ta ce, "Ku rage tafin nan, kun san ba ma shiri da shi." Sannan ta ce a tura ta ciki.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta da hantsi, aka binne ta kusa da mijinta, wanda hutunsa ya ƙare ke nan. Ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta ma'aikaciyar jinya, mai bi mata direban babbar mota, ta ukun malamar makaranta, sai auta darakta, wanda ofishinsa ke jikin zauren, kuma har yau in baƙo ya tambaye shi kwatance, cewa yake yi, "Kusa da ɗakin tsohuwata." Allah Ya gafarta mata, shi kuma Ya buɗe masa baki.