Kiran Jar Saniya

Na'urar wata irin waya ce da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Baƙa ce, da wani ɗan tsinke da ake zarowa daga gefenta a riƙa tsokanar fuskarta da shi. Ta hannu na saye ta wurin wani mai gyaran waya a Gusau, a shekarun da irinta sai wane da wane. Maƙwabtana a layin 'yan atamfa suka sa ni gaba: "Hajiya, ara mana tsinken sakacen nan mana!" In ce musu baƙin ciki ke cin su. Ni dai ta yi mini rana. Tana tuna mini lokacin salla, tana ɗaukar murya, kuma in sabuwar atamfa ta zo sai in ɗauki hotonta in tura wa mai saye ta bulutut, wayarta kusa da tawa, ba igiya ba komai. Matan Tsafe kan tafi gida da hotunan, su dawo da zaɓin 'yan'uwansu.

Ana nan sai Baba ya kwanta. Kututture ya soke shi a ƙafa a gonarsa ta Rawayya, ya yi ta shafa maganin gida har ƙafar ta kumbura ta soma wari. Da ƙyar ni da Yaya, babban wanmu da ke zaune da shi, muka kawo shi asibiti a Gusau. Likita bai ɓoye mana komai ba. In Baba ya zauna ana wanke ciwon ana yi masa allura, ƙafa za ta tsira. In ya koma gida yanzu, sai dai a yanke ta.

Baba ya zauna lafiya lau, har ranar da Yaya ya zo dubiya bakinsa ya suɓuce. Wai jar saniyar Baba ta ƙi kiwo, ta hana tatsa, ta tsaya bakin garke tana ta kuka, ɗan maraƙinta yana ramewa. Saniyar nan tun tana ƙarama uwarta ta mutu, a hannun Baba ta tashi, ba ta san kiran kowa ba sai nasa. Wallahi da ba yayana ba ne, da ranar ya ji bakina.

Baba ya ce a miƙo masa sandarsa.

Na ce, "Baba, ina za ka?"

"Gida za ni. Dabba na can da yunwa, ni ina nan kwance ana ba ni shayi?"

"Ƙafar fa?"

"Ƙafa tawa ce, ɗiyata."

Na san shi. In ya faɗa, ya gama. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na rasa abin yi sai juya na'urar a hannuna, can dabara ta faɗo mini. Na ce ya yi kiran saniyar a cikin na'ura, ni zan kai mata. Ya dubi abin a wulaƙance ya ce, "Ƙarya za ku yi mata ke nan." Na ce ai muryarsa ce, ba ta wani ba. Ya ce ya ba ni zuwa gobe. In ba ta ci ba, yana hanya ko da rarrafe.

Na kara masa na'urar a baki, ya ture hannuna. "Ba a kiran shanu a kwance. Za ta gane." Haka muka tashe shi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, Yaya na riƙe da kafaɗarsa. Ya tambayi ina Bungudu take, don ta wajen nan Rawayya take, aka nuna masa taga, ya fuskance ta, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya saki kiran nan mai tsawo da muka tashi muna ji kowace safiya. Ɗakin marasa lafiya ya kaɗa! Wata nas ta shigo da gudu, ta zaci wani ne ya cika. Wani tsoho ɗan Kwatarkwashi da ke gadon kusa ya yi ta dariya har da tari.

Ni da Yaya muka hau mota zuwa Bungudu, daga nan muka hau babur zuwa Rawayya. Bayan la'asar muka iske saniyar inda Yaya ya ce, haƙarƙarinta duk a waje. Na zaro tsinke na danna. Muryar ta fito 'yar siririya, saniyar ko kunne ba ta kaɗa ba. Ni kuwa ƙafar Baba kawai nake gani a raina.

Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Ke, kawo abin nan." Ta saka na'urar a cikin ƙwaryar da Baba ke tatsa, ta sa Yaya ya zura tsohuwar rigar Baba ya ɗora malfarsa. Na sake dannawa. A cikin ƙwarya muryar ta cika, ta zama tasa sosai. Saniya ta ɗaga kai. Ta amsa da wani kuka daban, ta taho har gaban Yaya, ta shinshini rigar, ta sa harshe ta lashe fuskar na'urata sharkaf. A wani lokacin da na yi ihu. Ranar kuwa kuka na yi. Aka kawo dusa da kanwa ta hau ci, maraƙi ya kama nono, Inna ta durƙusa ta tatsa. Na goge yawun da mayafina na ɗauki hoto mai motsi, sannan na tura kiran a wayar Yaya ta bulutut, don ya riƙa kunna mata safe da yamma.

Da safe na iske Baba zaune a bakin gado, sanda a cinya, ya riga ya sa hula. Bayan gaisuwa na miƙa masa na'urar. Ya kalla, ya ce a maimaita. Ya sake kalla.

"Ta rame," in ji shi.

"Amma tana ci, Baba."

Ya daɗe yana kallon fuskar na'urar bayan hoton ya ƙare. Sai ya miƙo mini sandar ya ce, "Aje ta ƙarƙashin gado. Allah shi yi miki albarka." Ya cire hula ya kwanta.

Da ƙafafunsa biyu ya koma Rawayya, ya kuma yi shekaru yana bin shanunsa kafin Allah Ya karɓi abinsa. Alhamdu lillahi, kullum na tuna sai na gode wa Allah da Ya haɗa ni da wannan 'yar na'ura. Ta daɗe da mutuwa, tana cikin adakata da tsinkenta. Kiran dai bai ɓata ba, duk wayar da na canja sai na kwashe shi zuwa sabuwa. Ba na yawan kunna shi a shago, domin da zarar na ji shi sai in tsinci kaina a tsaye, ina neman takalmina kamar zan bi shi garke.