Rigar Kwamfutar Kawu

Ba ni na ƙona kwamfutar Kawu ba, amma sai da na cinye dogon hutu ina lodin doya a Salaga kafin gaskiya ta fito.

Lokacin ina sakandare a Bawku. Kawu, ƙanen babata, yana da shagon buga takardu kusa da tasha, ni ke buga wa mutane wasiƙu in an tashi makaranta. Cale, kamar yadda muke ce wa aboki a nan Gana, yatsuna wuta ne. Tsohuwar kwamfutarmu tafiyar hawainiya take, amma cin wutarta kaɗan ne, ba ta zafi. Matar Kawu ta ɗinka mata riga irin ta rediyo da talabijin, don a gidajenmu abu mai tsada ba ya zama tsirara. Da rigar take aiki, lafiya lau.

Sai Kawu ya sayo sabuwar yayi. Gudu kamar ɗan fasa-ƙwauri a hanyar Pusiga, amma ƙwaƙwalwarta zuƙar wuta take, har fanka aka sa mata a ciki. Ita ma aka yi mata riga, har da leshi.

Na ce, "Kawu, tana huci fa. A cire rigar nan."

Ya ce, "Kai da ko wando ba ka taɓa saya ba, za ka tuɓe mini dukiya?"

Ranar kasuwa ina tsakiyar wasiƙar wani mai shanu, kwamfutar ta yi ƙauri ta ɗauke. Kawu ya ce saurin hannuna ne, wai na kore ta kamar jaki har zuciyarta ta buga. Ya ƙwace makullin shago, ya tura ni wurin abokinsa mai doya a Salaga. Kowace doya na ɗaga, da takaici nake jefa ta mota.

Na dawo na tarar an kawo mai gyara daga Yendi. Ya ɗaga leshin da yatsa biyu, ya ce, "Alhaji, wa ya lulluɓe ta da bargo? Waccan tsohuwar ba ta ci, ba ta gumi. Wannan ci take, dole ta sha iska."

Kawu bai ce in yi haƙuri ba. Makulli ya wurgo mini, ya ce, "Ka dai rage sauri."

Na cafe, na taka rawa har bakin tasha. Amma hutun nan da ya tafi a banza, har yau yana cina.

Don Allah duk wanda ya karanta ya miƙa wa wani, musamman mai kawun da ke sa wa inji riga.