Tarihin Malam Iliyasu Ɗanmalam, Mai Kwamfutar da Ta Yi Kulle a Sabo

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Iliyasu a shekarar 1946 a unguwar Sabo ta birnin Ibadan. Mahaifinsa shi ne Alhaji Mijinyawa, falken goro wanda ya taso daga ƙasar Kano, mahaifiyarsa kuwa Ashatu, haifaffiyar Sabo ce. Tun yana ƙarami ba ya cin abin da bai san asalinsa ba, ko mangwaro aka miƙa masa sai ya tambayi bishiyar wa aka tsinko, shi ya sa abokan wasansa suka laƙaba masa Ɗanmalam, sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu

Ya yi karatun allo a zauren Malam Isiyaku, ya sauke Alƙur'ani a 1961, sannan ya ɗan taɓa littattafan fiƙihu. Boko kuwa bai same shi ba sai da ya girma, a ajin manya na yamma da ake yi a Mokola, inda ya koyi Turanci daidai gwargwado. Yarbanci dai a titi ya tsince shi, kamar kowane ɗan Sabo.

Aure da Sana'a

A 1972 ya auri Sakinatu, wadda take ɗinkin huluna a cikin gida. Bayan ya daɗe yana gyaran rediyo, a 1981 ya koma gyaran tafireta, ya buɗe shago a bakin Sabo ta wajen Mokola, yana kuma buga wa mutane katin biki da takardun makarantun Islamiyya. Shekarun tamanin sun yi masa albarka ƙwarai, domin da wuya a ɗaura aure a unguwar katin bai fito daga shagonsa ba.

Zuwan Kwamfuta

Da shekarun casa'in suka kama, shagunan Mokola suka fara aiki da kwamfuta, masu kawo masa aiki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A 1994 shi ma ya sayo wata tokumbo, wato kwamfuta ta hannu, daga Legas, aka ɗauko ta a ka daga bakin titi har shago, yara na biye. Ana cikin haɗa ta ne ya yi tambayarsa ta kullum, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar ta wane ne. Mai haɗawar ya yi dariya ya ce, "Oga, kwafi ce, kowa haka yake yi." Da ya bincika ya tabbatar cewa masu ita sayarwa suke yi kuma ba su yarda a kwafa ba, ta asali kuwa ta fi ƙarfinsa, sai ya ɗauko zanen Sakinatu ya lulluɓe na'urar, ya koma kan tafiretarsa.

Haka ta zauna a lulluɓe har 1997. Mutanen unguwa suka samu abin wasa. Masu wucewa kan leƙo su ce, "Ɗanmalam, ina kwanan amarya? Har yanzu tana kulle?" Shi kuwa yakan amsa da cewa waliyyinta ne bai ba da izini ba tukuna. Ana dariya, amma ciniki na ta ja da baya, har wasu daga danginsa suka ba shi shawarar ya rufe shagon ya koma goro.

Faifan Abdulsamad

A farkon 1997 abokinsa Abdulsamad, wanda yake aikin na'urori a wata cibiyar binciken noma ta wajen Akinyele, ya kawo masa faifai ɗauke da wata manhaja mai suna Linux, ya shaida masa cewa mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka rubuta ta, suka kuma yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Malam Iliyasu bai taɓa faifan ba sai da suka je gaban Malam Isiyaku, wanda a lokacin ya tsufa ƙwarai, Abdulsamad ya karanta sharuɗɗan yana fassarawa sannu a hankali. Da aka zo kan sharaɗin da ya ce wanda ya karɓa ba shi da ikon hana na gaba da shi abin da aka ba shi, sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "To ai wannan rijiyar waƙafi ce. Iliya, je ka sha." A ranar aka yaye zanen, Sakinatu ta karɓi abinta ta wanke.

Shekarun Gwaji

Halal ɗin dai ta zo da wahalarta. Komai sai an rubuta mata umarni da Turanci a kan baƙin allo, firinta ta yi wata da watanni ba ta kula shi ba, ga ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Abdulsamad yakan hau okada ya zo ranar Asabar su yi ta fama. Katin farko da ya fito, na sunan jikan wani mahauci ne, an kuma yi yawo da shi hannu-hannu a ƙofar masallaci.

A ƙarshen 1998 aka kawo sabon faifai mai fuska da hotuna, wanda ake nuna abu a latsa. Abdulsamad ya yi ta cewa nan da shekara kaɗan kowane tebur a Ibadan wannan manhaja za ta hau. Malam Iliyasu bai musa ba, amma ya ce shi ma'auninsa Sakinatu ce: ranar da za ta kunna, ta buga kati, ta kashe, miyarta ba ta ƙone ba kuma ba ta kira kowa ba, ranar abin ya zama na kowa. Aka kai na'urar cikin gida domin gwaji. Sakinatu ta buga katin da kanta, sai dai firinta ta tsaya, sai da ta aika a kira shi. Hukuncinta shi ne, "Malam, amaryar taka tana da kirki, amma sai an lallashe ta." Duk da haka daga lokacin matan unguwa suka riƙa kawo mata aikin katinsu kai tsaye, shagon ya farfaɗo ta ƙofar cikin gida. Duk wanda ya nemi faifan kuwa, Bahaushe ko Bayarabe, Malam yakan ba shi aro ya je ya ɗora a tasa na'urar.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Iliyasu rasuwa a watan Nuwamba na 1999, daidai da Sha'aban, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sallah a Sabo, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a wannan rana. Ya bar matarsa Sakinatu da 'ya'ya biyar: Rabi'u, Habiba, Talha, Khaulat da Amatullahi.

Wajen rabon gado an lissafa gida da tafireta da kwamfutar, wadda magada suka amince ta zauna a hannun Sakinatu. Da aka zo kan faya-fayan, malamin da ke rabon ya saurari bayanin Abdulsamad, sannan ya ture su gefe ya ce marigayi bai taɓa riƙe su a matsayin mallakarsa ba, saboda haka ba sa shiga gado. Aka mayar da su kan ƙusar da ke bakin ƙofar shago, inda Malam ya saba rataye su, kuma kafin a yi sadakar arba'in wani malamin makaranta daga Mokola ya zo ya ari ɗaya. Allah ya jiƙansa da rahama.