Ranar Asibitin Mama Rut

Mama Rut ta zo Gusau daga kudancin Kaduna tana budurwa, ta kama aikin jinya. A sashen masu ciwon suga ta tsufa. Ita ke zaunar da mutanen Furfuri da 'Yankuzo ta yi musu bayani dalla-dalla: a rage tuwo, a ƙara ganye, kada a raina ko sukar ƙaya.

Bayan ta yi ritaya mijinta ya rasu, 'ya'yan suka watse Jos da Legas. Sun ce ta biyo su, ta ce kabarin ubansu yana nan. Ta zauna ita kaɗai a unguwar Tudun Wada, ga shi ciwon sugan ya kama ta ita ma.

Ranar asibiti takan yi wanka da wuri ta ɗaura zanenta na coci. Ma'aikatan da suka san ta duk sun tafi. Rannan wata sabuwar nas mai suna Zainab ta auna ta, ta ce, "Mama, kin san yadda ake kula da ƙafa?"

Mama Rut ta ce, "Faɗa mini, 'yata."

Zainab ta jawo kujera ta faro tun daga tushe. Babu abin da tsohuwar ba ta sani ba, amma ta yi ta tambaya, don tun Lahadi ba wanda ya zauna da ita. Da aka kira na bayanta, ta yi godiya, ta fita neman abin hawa.